Tsara Kewayen Tafkin Wanka a Gida: Abin Lura Daga Gaɓar Kainji

Mutanen ƙasar Yauri sun daɗe suna zaune da ruwa. Tun kafin a datse kogin Kwara a Kainji, Gungawa suna noma da su a tsibiran da ke tsakiyar kogin, Sarkawa kuma suna bin kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan. An fara ginin madatsar a shekarar 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270. Tsohuwar Busa da tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa suka nutse, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni. Ita madatsar tana cikin Jihar Neja, amma arewacin tafkin ya miƙo cikin ƙasar Ngaski da Yauri ta Jihar Kebbi, kuma hauhawarsa da saukarsa suna taɓa ƙauyukan Shanga da ke bakin kogi.

A 'yan shekarun nan ruwa ya ƙara matsowa, har ya shigo cikin gida. Wasu masu hali da masu masaukin baƙi sukan gina tafkin wanka na siminti. Waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba su ne masu kwamin kiwon tarwaɗa da masu tankin ƙasa na tara ruwa. A idon kimiyya duk waɗannan abu guda ne, wato buɗaɗɗen ruwa mai zurfi a inda yara suke wasa, mata suke aiki, kaji suke kiwo. Yawanci mai gida yakan zuba kuɗinsa da hankalinsa a kan ramin, kewayen kuwa a bar shi ga ragowar siminti da ra'ayin magini. Alhali yawancin cutarwar da irin wannan ruwa yake jawowa daga 'yan mitocin da ke kewaye da shi take tasowa.

Inda za a haƙa

Tafkin Kainji yana samun ambaliya biyu a shekara. Ta farko, wadda ake kira farin ruwa saboda lakar da take ɗauke da ita, tana zuwa daga watan Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a yankunan da ke kusa. Ta biyu, baƙin ruwa, ta samo asali ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ta yi watanni tana ratsa fadamun ƙasar Mali inda lakarta take kwantawa, sannan ta iso cikin hunturu. Saboda haka tafkin yana cike a tsakiyar rani, kuma ya fi janyewa wajen farkon watan Agusta. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai tazarar kimanin mita 10. Wanda ya zo Wara ko wani gari na gaɓa a lokacin janyewar ruwa ya zaɓi fili, ido zai iya yaudararsa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi wannan ɓoyuwa. Idan tafki ya cika, ko damina ta yi nisa, ruwan cikin ƙasa yakan hauro. Ramin siminti da aka kwashe ruwansa tamkar kwalekwale yake a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin ruwan da ke kewaye yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya kamata ya cike gurbinsa. Alal misali, a ɗauki tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4. Idan ruwan ƙasa ya hauro mita 1 sama da gindinsa, ƙarfin da ke cira shi ya kai tan 32. Wannan ya isa ya tsaga daɓen, ko ya ɗaga gefe guda ya karya bututu. Dalili ke nan da ya sa ba a kwashe irin wannan tafki ƙarƙaf da damina, kuma gwanayen magina sukan shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashinsa, su bar wani siririn rami a gefe inda za a leƙa a ga matsayin ruwan ƙasa kafin a kwashe na ciki. Baƙar lakar fadama kuwa, wadda take kumbura da damina ta dare da rani, ba abokiyar siminti ba ce. Tudu mai jar ƙasa ko marmara ya fi.

Daɓen kewaye

Abu na farko a nan shi ne gangara. Daɓen ya karkata daga bakin tafki zuwa waje, da saukar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ido ba ya ganin wannan, ƙafa ma ba ta jin sa, amma ruwa yana bin sa. Ƙasar Yelwa tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukansa cikin wata biyar ko shida yake sauka, sau da yawa da ƙarfi. Idan daɓen ya karkata ciki, ruwan farko na damina zai sharo kashin kaji da na awaki da duk ƙazantar tsakar gida ya zuba a inda ake wanka.

Sai santsi. Tayil mai sheƙi yana ƙawata ɗaki, amma idan ya jiƙe sai siririn ruwa ya shiga tsakaninsa da tafin ƙafa, gogayyar da ke riƙe mutum ta ragu ƙwarai. Maganin da ya fi araha yana hannun kowane magini: a ja tsintsiya mai tauri a kan siminti kafin ya gama bushewa, jan ya gitta hanyar tafiya. Faɗin daɓen kada ya gaza mita ɗaya da rabi, domin mai ceto yana bukatar inda zai durƙusa ya jawo mutum ya kwantar da shi.

Launi ma ba ado kaɗai ba ne. A watannin Maris da Afrilu zafin iska a wannan yanki yakan kai digiri 40 a ma'aunin santigiret, baƙin daɓe ko baƙin dutse da rana ta doka kuwa yana iya haura digiri 60. Fatar ƙafar ƙaramin yaro ba ta da kauri, tana iya ƙonewa a kan irin wannan cikin ɗan lokaci, kuma yaron da ya fara tafiya yakan tsaya cik yana kuka maimakon ya gudu. Daɓe mai haske yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana, don haka bai kai baƙi zafi ba. Haka kuma siminti yana miƙewa da zafi ya takure da sanyi. Shimfiɗa mai tsawon mita 10 takan motsa kimanin milimita 3 idan zafinta ya sauya da digiri 30. Idan ba a yanka mata layuka a kowace mita 3 ba, ita za ta zaɓi inda za ta tsage.

Shinge

A ranar 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Wara, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu, duniya ta ji. Yaron da ya faɗa kwamin kifi a bayan ɗaki kuwa, daga 'yan unguwa babu mai jin labarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Binciken da aka yi a Bangaladash, ƙasar da kusan kowane ƙauye yake da kududdufai, ya nuna cewa yawancin ƙananan yaran da suka nutse a ruwan da ke dab da gida ne, kuma tsakanin hantsi da azahar, daidai lokacin da iyaye mata suke fama da girki da wanki.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: nutsewa ba ta da kururuwa. Wanda ruwa yake shiga bakinsa ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, don haka da ya leƙa sai ya kifa, kuma ba ya iya ɗagowa ko a ruwan da bai kai gwiwar babba ba. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Wannan bai kai lokacin da ake ɗauka a tuƙa tuwo ba.

Ƙasashen da tafkin wanka ya yawaita a gidajensu sun koyi wannan da hawaye. Niyu Zilan ta kafa dokar shingen tafkin gida a 1987, Faransa ta wajabta kayan kariya a 2003. Abin da bincike ya tabbatar shi ne katangar gida ba ta isa ba, tun da yaron da ake tsoro dominsa a cikin gidan yake. Shingen da yake aiki shi ne wanda ya kewaye ruwan ta kowane ɓangare huɗu, ya raba shi da ɗakuna da tsakar gida. Nazarin da ya tattara bincike-bincike a kan wannan ya gano cewa irin wannan shinge yana rage haɗarin nutsewar yara da kusan kashi 83 cikin 100 idan aka gwada shi da wanda ya bar ɓangaren gida a buɗe. Ƙa'idar da ake bi a Ostireliya ita ce tsayin shinge kada ya gaza mita 1.2, tazarar da ke tsakanin sanduna da wadda ke ƙarƙashi kada ta wuce santimita 10, ƙofa ta buɗe zuwa waje ta kuma rufe da kanta, sakata ta kasance sama da inda hannun yaro yake kaiwa. Duk wani maƙeri mai walda a Yelwa zai iya wannan aiki idan an ba shi awo.

A nan ne tsarin gidan Bahaushe yake da nasa zance. Gida yana da zaure da ƙofar gida da cikin gida, kuma sutura ita ce ginshiƙin wannan jeri. Mai gina wurin wanka zai so ya ɓoye shi daga idon baƙo, kuma yana da gaskiya. Kuskuren shi ne a ɓoye shi daga idon uwa. Zana da darni suna tare gani, amma ba sa tare yaro, domin yakan ɓula ta ƙasa. Ke nan sun yi akasin abin da ake bukata. Abin da ya dace shi ne katangar waje ta ɗauki nauyin sutura, shingen ciki kuma ya zama na sanduna a tsaye da ake hangen ruwa ta tsakaninsu daga madafa da inuwar da mata suke zama. A kuma nisanta turmi da kujera da bokiti da tulin itace daga jikinsa, don kowannensu tsani ne. Lokacin da aka sake tsugunar da mutanen Kainji a gidajen bulo da mai zanen gini Robin Atkinson ya tsara, mazauna da yawa sun ƙara nasu ɗakuna da shingaye bisa yadda rayuwarsu take gudana. Shingen da ya tare hanyar da matar gida take bi sau ashirin a yini, ƙarshensa a tokare ƙofarsa da dutse.

Tsargiya da sauro

Fitsarin jini sananne ne a garuruwan bakin ruwa, har wasu suna ɗaukarsa alamar balaga ga yaro namiji. Cuta ce, kuma tsutsa ce take kawo ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Rayuwarta tana kewayawa tsakanin mutum da wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa mai daɗi da masana suke kira Bulinus. Mai cutar yana fitar da ƙwai a fitsari. Idan ƙwan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, 'yar halittar da ta fito ta nemi dodon koɗi ta shiga, ta hayayyafa cikin makonni 4 zuwa 6. Daga nan dodon koɗin yakan riƙa sako ɗaruruwan 'yan tsutsotsi masu wutsiya mai reshe biyu, musamman da tsakar rana, su huda fatar duk wanda yake cikin ruwan. Manyan tsutsotsin suna zama shekaru a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefe, irin na lungunan tafkin Kainji da na tafkin Bolta a Gana, shi ne gidan wannan dodon koɗi.

Mai tafkin gida da yake jawo ruwa daga gulbi da injin ban ruwa yana iya jawo cutar har tsakar gidansa. Sai dai tsutsar tana da rauni guda: idan ba ta sami mutum ba, ba ta wuce kwana 2 a raye. Saboda haka a cikin tsarin kewaye a ware wurin tanki mai murfi, da rariya mai ƙananan ido a bakin bututu don tare dodon koɗi, ruwan gulbi ya kwana 2 a ciki kafin a sake shi. Sinadarin kulorin, miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, yana kashe ta shi ma. Bado da kainuwa suna da kyan gani, amma a kansu dodon koɗi yake maƙalewa ya yi ƙwai, don haka ba su da gurbi a ruwan da mutum zai shiga. Makewayi kuma ya kasance kusa yadda yaro zai iya fita ya je ya dawo, ramin masai ya kasance ta gangaren ƙasa, nesa da rijiya da kimanin mita 30.

Akwai wani labari na itacen aduwa da ya cancanci a ambata. A 1933 wani likita a Sudan mai suna Archibald ya bayyana cewa 'ya'yan aduwa da ɓawonta suna ɗauke da sinadarin da ke kashe dodon koɗi, har ya ba da shawarar a dasa ta a bakin ruwaye. A 1964 kuma masanin Habasha Aklilu Lemma ya lura da matattun dodon koɗi a inda mata suke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa da ake kira endod. Amma sinadarin da ke kashe dodon koɗi yana kashe kifi, kuma ƙayar aduwa ba ta da sauƙi ga mai tafiya ba takalmi. Mai kwamin tarwaɗa sai ya yi nesa da ita.

Game da sauro, tafkin da ake tacewa ana zuba masa kulorin ba shi ne matsala ba. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana take dukansa, kamar sawun kofato, ko lotsawar daɓe, ko taɓon da ke bakin bututu. A lokacin zafi yakan tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako guda zuwa kwana 10. Don haka duk ruwan da ya fantsama ko aka zubar ya bi magudana zuwa rami mai cike da tsakuwa wanda zai shanye shi cikin yini guda. Tafkin da aka daina kula da shi aka bar ruwan sama a gindinsa kuwa, masifa ce ga unguwa baki ɗaya.

Itatuwa da iska

Inuwa dole ce, amma ba kowace ba. Cediya da durumi da gamji suna da saiwoyi masu bin danshi su shiga duk tsagar da suka samu su buɗa ta. Turare da malaina ma haka. Dogonyaro da mangwaro suna zubar da ganye da fure da 'ya'ya, suna kuma tara jemagu da balbelu, duk abin da ya faɗa ruwa kuwa yana cinye kulorin yayin da yake ruɓewa. Giginya ba ta da wannan aibi, amma 'ya'yanta masu nauyi suna faɗowa daga nesa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce babban itace ya nisanci bakin ruwa da gwargwadon tsawon da zai kai idan ya girma. Inuwar kusa a samo ta daga rumfa, a kafa ta yamma da ruwan inda ranar la'asar take dukan mutum. Tumfafiya da aguwa da bini-da-zugu, waɗanda ake yawan yin shinge da wasunsu, suna da ƙaiƙayi ko guba a ruwansu ko 'ya'yansu, ba su dace da wurin yara ba. Lalle yana yin shinge mai kyau idan ana aske shi. A inda ƙasa take zaizayewa kuwa, jema ta fi kowa, domin saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye har mita 2 ko fiye, ba ta yaɗuwa gefe ta taɓa gini.

Iska ita ce ɓarauniyar ruwa. Da rani buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki yana iya rasa milimita 6 zuwa 8 a yini ta hanyar tururi. A tafkin nan mai mita 8 da mita 4, milimita 7 daidai take da lita 224, wato fiye da duro guda kullum. Busasshiyar iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana kwashe damshin da ke kan ruwa, ta ba wani damar tashi, ta kuma zuba ƙura. Jerin itatuwa ko katanga ta wannan ɓangare yana rage ƙarfinta har tazarar da ta ninka tsayinsa sau da dama, wanda ke nufin ana iya dasa su can nesa su yi aikinsu ba tare da saiwa ko ganye ya iso ba.

Lantarki

Busasshiyar fata tana tare lantarki sosai, amma jiƙaƙƙen jiki juriyarsa takan sauka zuwa kimanin om 1,000. A kan wutar gida mai bolt 230, wannan yana barin kimanin miliamfiya 230 ta ratsa mutum, alhali ƙasa da rabin haka ya isa ya rikita bugun zuciya. Saboda haka ba a sa soket ko makunni a cikin mita 3.5 daga bakin ruwa, ba a ratsa waya ta samansa, fitilar cikin ruwa kuma ta zama mai bolt 12. Injin jan ruwa da janareta su sami ɗakinsu a wajen shinge, a kan dandamali da ya ɗaga daga ƙasa, layin da ke kai musu wuta kuma a sa masa na'urar da take yanke wuta nan take idan miliamfiya 30 ta zurare. Na'urar tana da maɓallin gwaji a jikinta, kuma akan so a danna shi lokaci-lokaci, musamman kafin faɗuwar damina, a tabbatar tana yankewa.